Karan rama da baƙar leda



Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta a Ɗan Barto lokacin da ake feɗe akuya ya san abin da zan faɗa. A farka tumbi, maimakon ciyawa sai a zaro dunƙulen baƙar leda, ta murɗe kamar gammo. Mai akuyar nan ya yi wata da watanni yana ba ta dusa da harawa tana ramewa, ya gaji ya sayar da ita a wulaƙance, bai san cikinta a cushe yake ba. Ka bi hanyar Matamaye zuwa bakin iyaka, ka dubi ƙayoyin gefen titi, kusan kowace da tsumman leda a rataye. Mai yawa daga cikinta ta iyakar Kwangwalam take shigowa, tare da kayan Daura da na Kano.

Doka kam muna da ita. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta haramta ƙera irin wannan leda mai laushi da shigo da ita da sayar da ita. Shekara goma ta wuce, mai ƙosai tana nan tana zuba wa yara a ciki, kuma ban ga laifinta ba. Da me za ta ƙunshe? Ba a kawo mata wani abu mai araha irin ledar ba.

Shi ya sa kunnena ya tashi da na ji ana maganar robar da ake yi da tsiro maimakon man fetur, musamman da karan wiwi. E, wiwi. Akwai wani irinsa da Turawa ke nomawa don zarensa, wanda sinadarin sa mayen da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Faransa ce kan gaba wajen nomansa a Turai, Amurka kuma ta halatta shi a 2018, da sharaɗin kada sinadarin ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Ana sale bawon karan, a fitar da zare, a gauraya shi da roba, wani lokaci robar da aka samo daga masara ko rake, a matse a injin har ya zama allo mai ƙarfi marar nauyi.

Zan faɗi ra'ayina kai tsaye: wannan hanya ba ta dace da mu ba. Na zare da na shaye-shaye tsiro ɗaya ne, ido ba ya raba su, sai ɗakin gwaji. A garin bakin iyaka, inda jandarma da ƴan duwan ke fama da masu fataucin ƙwaya, inda iyaye ke kuka da abin da ke lalata musu samari, wa zai bi gona gona yana auna sinadari? Dokar ƙasarmu ta hana nomansa, kuma ina ganin a bar ta haka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tsiron da zai yi mana wannan aiki yana nan a bayan gidajenmu. Rama nake nufi. Ramar da uwayenmu ke tafasawa su kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Masana kimiyya sun raɗa mata suna mai nufin "mai kama da wiwi" saboda yankan ganyenta, amma danginta su ne yakuwa da kuɓewa da auduga, ba ta sa maye, ba wanda zai kama ka don ka shuka ta. Cikin wata huɗu zuwa biyar tana iya wuce mita uku. Na girma ina ganin tsofaffi bayan kaka suna ɗaure karanta dami dami su jiƙa a tafki, a danne da duwatsu, bayan kwanaki a tsamo, bawon ya saki, a wanke zaren a shanya. Da yamma mutum ya zauna gindin gawo, ya naɗe wando, yana murza zare a cinya. Daga nan igiyar guga take fitowa, da dabaibayi, da ta ɗaurin tanka.

Wannan zaren ne manyan kamfanoni ke nema. A 2003 kamfanin Toyota na Japan ya fitar da mota mai suna Raum, wadda aka yi murfin safayar tayarta da zaren rama haɗe da robar tsiro. A 2006 kamfanin NEC ya yi jikin wayar salula da irin wannan haɗi. Motar lantarki ta BMW i3, wadda ta fito a 2013, akwai rama a allon ƙofofinta. Malesiya ma har hukuma ta kafa don manoman taba su koma noman rama.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Duk waɗannan kaya ne masu tauri, ba ledar ƙunshin tumatir ba. Kuma ba duk abin da aka kira robar tsiro ke ruɓewa ba. Idan aka gauraya zaren da robar fetur, robar tana nan daram. Ta masara kuwa sai ta samu danshi da zafi kusan digiri 60 a wurin haɗa taki na musamman kafin ta narke da wuri; a jujinmu tana iya daɗewa. Duniya na ƙera roba wajen tan miliyan 400 a shekara, ta tsiro ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ga ta da tsada. Wanda ya ce gobe za a kafa mana masana'antarta a Matamaye, a tambaye shi ina lantarki, ina kasuwa.

Abin da hannunmu zai kai shi ne buhu da igiya da jakar cefane. Dalar gyaɗar Kano da buhun algarara aka gina ta, kuma a 1963 aka buɗe masana'antar saƙa irinsa a Jos. Yau gyaɗarmu da wakenmu duk a buhun roba suke, shekara ɗaya rana ta cinye shi, ya marmashe cikin gona. Igiyar rama idan ta tsufa ta zama taki. Jakar rama ɗaya za ta yi wa uwargida zuwa kasuwa sau ɗari.

Akwai wahala, ban ɓoye ba. Gonaki sun yi mana kaɗan a wannan yanki, ba mai ba rama wurin hatsi, sai dai a jera ta a kan iyakar gona kamar yadda aka saba. Jiƙon kara kuma yana ɓata ruwan tafkin da dabbobi ke sha, don haka sai an ware rami dabam. Ina kira ga cibiyar binciken noma ta INRAN ta gwada mana irin rama mai dogon kara a fadamun Korama. Hukumar garin Ɗan Barto kuma ta zauna da ƙungiyoyin mata da tsofaffin masu tufka, tun suna raye, a samo injin sale bawo ko guda ɗaya, a ware rumfa a kasuwa inda za a sayar da jakar farko kafin damina mai zuwa.