Daren Da Karshi Ta Kalli Gidauniya A Telebijin

Duk wanda ya san garin Karshi ya san cewa mutanensa ba su jiran fitowar rana kafin su kama hanya. Tun da assalatu ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da leburori suke cika motoci, su bi ta Orozo da Kurudu da Jikwoyi da Karu, su faɗa Nyanya, daga nan kuma su nufi cikin Abuja. Akwai gajeriyar hanya ta Apo wadda aka ba da kwangilarta tun cikin 2011, amma shekara goma suka wuce ba a gama ta ba, saboda haka Nyanya ta zame musu ƙofar da ba makawa sai an bi ta. To, a wannan ƙofa ce bom ya tashi ran Litinin 14 ga watan Afrilu na 2014, wajen ƙarfe bakwai saura kwata na safe, lokacin da tashar ta cika maƙil da matafiya. Mutum fiye da 70 suka rasu, fiye da ɗari suka jikkata, manyan motocin safa suka ƙone ƙurmus. A daren wannan rana kuma aka sace 'yan makaranta mata 276 a Chibok. Ba a gama share hawaye ba, sai ga wani bom ɗin a Nyanya ran 1 ga watan Mayu, sa'an nan wani a kasuwar Emab da ke Wuse ran 25 ga watan Yuni.

Cikin wannan hali ne Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya kafa kwamitin Asusun Taimakon Waɗanda Ta'addanci Ya Shafa, ya ɗora Janar Theophilus Ɗanjuma a kan shugabancinsa. Ran Alhamis 31 ga watan Yuli, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Salla, aka shirya ƙasaitacciyar liyafar ƙaddamar da gidauniya a babban zauren Fadar Shugaban Ƙasa, aka kuma nuna wa duniya a telebijin. A ƙasashen Turai da Amurka, idan irin wannan masifa ta auku, mawaƙa ne suke haɗuwa su yi wasa a tara kuɗi. A Nijeriya kuwa abin da aka saba shi ne liyafa, inda attajirai da gwamnoni suke miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da zai bayar, a tafa masa.

A wannan dare an faɗi da yawa. Janar Ɗanjuma shi kaɗai ya yi alkawarin dala miliyan 10. Kamfanonin mai da iskar gas suka ce Naira miliyan dubu 17, bankuna suka ce miliyan dubu 15, gwamnatin tarayya da gwamnoni da sauran masu hannu da shuni suka bi sahu. Kafin a watse an ba da sanarwar cewa an haɗa Naira miliyan dubu 58 da 'yan kai. Domin mai karatu ya gane nauyin wannan adadi, mafi ƙanƙantar albashi a lokacin Naira 18,000 ne, watau kuɗin da aka ambata a dare guda ya isa a biya ma'aikata fiye da miliyan uku albashin wata.

A Karshi ba kowane gida ne yake da wutar lantarki a irin wannan lokaci ba. Kallo yakan zama na taro, a rumfar mai shayi, ko a shagon aski, ko a zauren wanda ya iya sayen man janareto. Gidajen kallon ƙwallo kuwa mutane sun fara ɗari-ɗari da su a shekarar, tun da aka kai wa masu kallon gasar cin kofin duniya hari a Damaturu cikin watan Yuni. Amfanin kallon taro shi ne ba a yin sa da baki rufe. Kafin mai sanarwa ya gama faɗin adadi, an riga an yanke masa hukunci a kan benci.

Akwai waɗanda abin ya faranta musu rai, kuma ba a raina dalilinsu. Wata uku da rabi suna ganin kamar an manta da su, yau ga manyan ƙasa sun taru saboda su. Da babu gara ba daɗi.

Dattawa kuwa abin da ya tsaya musu a rai shi ne siffar taron. A al'adar wannan ƙasa, idan aka yi rasuwa a unguwa, maƙwabcin da ke da biki yakan ɗage shi, ko ya sallami makaɗa a yi shi shiru. Mai zuwa gaisuwa yakan zauna a tabarma, ya yi addu'a, in yana da abin bayarwa ya dunƙule shi ya sa a hannun mai gida, babu mai shela, babu mai tafi. To, ga shi an zo taimakon mamata da kujerun alfarma da teburan abinci da manyan riguna. Waɗannan dattawa ba su manta ba cewa washegarin bom ɗin farko na Nyanya an nuna taron jam'iyyar PDP a Kano, wanda Shugaban Ƙasa ya halarta, ana kiɗa ana rawa alhali gawawwaki suna asibitocin Abuja ba a gama gane masu su ba. Sun kuma ji cewa a makon liyafar kanta masarautar Kano ta soke hawan Salla saboda hare-haren da aka kai birnin. Idan har tamburan Kano za su yi shiru, in ji su, me zai hana na Abuja?

Kada a ɗauka mutanen Karshi maƙiya kiɗa ne. Gwandara ne suka kafa garin, kuma labarin baka ya ce sunan nan nasu ya samo asali ne daga kakanninsu da suka baro Kano a zamanin da, domin sun ƙi a raba su da rawarsu ta gado. Zamani ya juya, jikokinsu sun cika masallatai, amma har yanzu ba a yi garin da ya fi su sanin darajar ganga ba. Abin da suka sani shi ne kowane kiɗa da ranarsa.

Amma fa ba a nan gizo yake saƙar ba. Maganar da ta fi kowace nauyi ta fito ne daga bakin waɗanda suka yi jinya. Mutumin da ya kwana a barandar asibitin Asokoro ko Babban Asibitin Ƙasa yana jiran ɗan'uwansa ya farfaɗo, wanda ya san kuɗin mota daga Karshi zuwa can kullum, ya san cewa mai ciwon shi ne yake ciyar da gida, ba ya kallon adadin da ke fitowa a telebijin kamar yadda sauran jama'a suke kallonsa. Tambayarsa ɗaya ce, kuɗi ne aka ajiye ko kuwa baki ne aka buɗa? Kuma yana da hujjar yin tambayar, gama ba yau aka fara ba. A 2012 ambaliyar ruwa ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A watan Nuwamba na shekarar aka yi irin wannan liyafa a wannan fada, ƙarƙashin kwamitin da Alhaji Aliko Ɗangote da lauya Olisa Agbakoba suka shugabanta, aka ambaci Naira miliyan dubu 11 da ɗoriya. Watanni suka shuɗe kwamitin yana bin masu alkawari, har ya kai ga yin barazanar buga sunayen waɗanda suka ƙi cikawa. Wanda ya ga wannan a 2012, ba za a zarge shi da mugun zato ba idan ya taɓe baki a 2014.

Yana da kyau a duba yadda ake yi a wasu ƙasashe, ba don abin waje ya fi na gida tsarki ba, sai don a ga inda aka bambanta. Ran 13 ga watan Yuli na 1985 mawaƙi Bob Geldof da abokansa suka shirya wasan Live Aid a London da Filadelfiya saboda yunwar ƙasar Habasha, aka kalle shi a ƙasashe wajen 150, aka tara fiye da dala miliyan 100. Kwana goma bayan harin 11 ga watan Satumba na 2001, gidajen telebijin na Amurka suka haɗu suka nuna wasa guda, babu 'yan kallo a zauren, babu tafi, babu talla, sai kyandirori, fitattun 'yan wasan fim kuma suna zaune suna amsa wayar masu ba da taimako. A Manchester ta Ingila, bayan bom ya kashe mutum 22 ran 22 ga watan Mayu na 2017, mawaƙiya Ariana Grande ta komo birnin ran 4 ga watan Yuni ta yi wasa a gaban mutum kamar 50,000, waɗanda suka tsira daga harin suna ciki. A can ma masu kallo sun yi gardama, wasu suka ce an yi gaggawa, wasu suka ce mawaƙan suna neman suna ne. Kuma a can ma kuɗi yakan maƙale: abin da aka samu daga faifan wasan taimakon Bangladesh na 1971, wanda George Harrison da Ravi Shankar suka shirya a New York, ya yi shekaru a tsare saboda rigimar haraji.

Bambancin yana ga matsayin mai kallo. A waɗancan wasanni shi ne mai bayarwa. Mawaƙi ya ba da muryarsa kyauta, mai kallo ya ɗauki waya ya ba da fam biyar ko dala goma, kuɗin kuma ya fita daga aljihunsa tun kafin waƙar ta ƙare. Idan ya kashe akwatinsa ya kwanta, ya san yana da hannu a abin. A liyafar Abuja kuwa an juya tsarin. Babu abin da aka nema a wurin mutumin Karshi sai idonsa. An zaunar da shi ne ya zama shaida, ya ga wane ya ba da kaza, kamar yadda ake zaunar da jama'a a filin wasa maroƙi yana shelar kyautar da aka yi wa makaɗi. Amma ko a filin Mamman Shata, wanda ya yi kyautar baki bai cika ba ya san abin da zai biyo baya, domin mawaƙin ba ya mantuwa, kuma bakinsa ya fi sammaci. Gidauniyar gwamnati ba ta da irin wannan baki.

Shin ƙasar nan ta rasa mawaƙan da za su iya ne? Ɗan Maraya Jos, wanda ya yi wa karen mota waƙa tun ba a san za a yi garin Abuja ba, yana da rai a 2014, sai a shekara mai biye ya rasu. Mutanen da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa waƙa, watau direbobi da yaran mota da 'yan talla, su ne suka cika tashar Nyanya a wannan safiya. Da an tara irinsa da matasan mawaƙa na Kudu da Arewa a fili guda, aka ce kowa ya aiko da Naira ɗari ta wayarsa, wataƙila ba za a kai miliyan dubu 58 ba. Amma abin da aka samu zai zama kuɗi ne, ba romon baka ba, kuma malamai da dattawa za su iya faɗin yadda za a tsara shi ya dace da makoki.

Lokaci ya gaskata masu shakka. A cikin 2015, shekara guda bayan liyafar, Janar Ɗanjuma ya kai wa sabon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari rahoton cewa fiye da Naira miliyan dubu 33, watau fiye da rabin abin da aka yi alkawari, ba su shigo ba. Cikin masu bashin har da gwamnatin tarayya kanta da Naira miliyan dubu 5, wadda Shugaba Buhari ya ba da umurnin a biya. Daren alkawari an nuna shi da fitilu da tafi, ranar lissafi kuwa ta wuce a cikin labaran yamma kamar kowane labari.

Gaskiya ce a faɗa cewa abin da ya shigo ya yi aiki. Asusun ya tallafa wa asibitocin da suka yi jinyar waɗanda suka jikkata, ya taimaki marayu da matan da aka kashe wa maza, ya sake gina makarantu da gine-ginen hukuma a garuruwa irin su Dikwa ta Jihar Borno. Laifin ba na masu riƙon asusun ba ne, na waɗanda suka sayi tafin jama'a bashi ne. Gidajen telebijin ma suna da nasu kason, domin wanda ya ba mutum fili ya yi alkawari a gaban miliyoyin mutane, wajibi ne ya sake ba da fili bayan wata uku a karanta sunan wanda ya cika da wanda bai cika ba, da adadin da ya rage a wuyan kowa.

Tun daga lokacin an sake ganin jerin masu alkawari bayan ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024, da ta Mokwa ta watan Mayu na 2025, kuma a rumfunan shayi na Karshi tambayar ba ta sake ba. Nyanya kuwa an sake kai mata hari ran 2 ga watan Oktoba na 2015, dare guda da Kuje, lokacin da ba a gama karɓar alkawuran farko ba.