Hajj Yusuf: Yaƙi ya sauya kallon da ake yi wa ’yan gem, amma wasannin da suka fi dacewa da unguwar ba a san su ba

Kafin ranar 15 ga Afrilun 2023, yammacin Hajj Yusuf kusan iri ɗaya ne kullum. A bakin Shari’ Wahid da kewayen Suƙ Sitta, mata masu shayi sun jera kujeru, manya sun zauna kan karta ko domino, can gefe kuma samari huɗu ko biyar sun haɗa kai, kowa ya riƙe waya da hannu biyu yana yi wa ɗan’uwansa ihu a cikin PUBG. Dattijon da ya shafe sa’o’i uku yana raba karta shi ne zai ɗago ya dube su, ya ce yaran yanzu sun lalace.

Hajj Yusuf babbar unguwa ce a yankin Sharƙ an-Nil, gabas da kogi idan an tsallake gadar Manshiya daga Khartum. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi da suka zo daga ko’ina: Darfur, duwatsun Nuba, kudancin ƙasar kafin a raba ta a 2011, da kuma Hausawa, waɗanda kakanninsu da yawa hanyar Makka ce ta kawo su Sudan. A irin wannan wuri, inda ake sa ran saurayi ya fita kasuwa ko ya koyi sana’a tun da wuri, ɗan gem ba shi da wani suna da ya wuce mai zaman kashe wando.

Iyayen ba su kaɗai ne ke wannan kallon ba. PUBG ta waya ta fito a watan Maris na 2018, kuma cikin shekara guda ta zama ruwan dare a ƙasashen Larabawa. Majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri’ar haramta ta a Afrilun 2019, Jordan ta bi sahu a Yulin shekarar. A 2020 malamai a Masar da ƙasashen Gulf sun yi ca a kan wani sabon sashe na wasan inda ɗan wasa ke rusuna wa gunki domin ya samu lada, har kamfanin ya cire shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince a Mayun 2019 da saka jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta. Uban da ya ga ɗansa ya bar salla ta wuce, ko ya zuba kuɗin cefane wajen sayen akwatin sa’a a cikin wasa, wanda bambancinsa da caca kaɗan ne, yana da hujjar yin faɗa.

Makarantar da ba wanda ya buɗe

Abin da aka kasa lura da shi a lokacin shi ne irin wahalar da yaron Sudan ke sha kafin ya kai ga buga wasan. Takunkumin tattalin arzikin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar a 1997 bai tashi ba sai Oktoban 2017, sunanta kuma bai fita daga jerin ƙasashen da ake zargi da ɗaukar nauyin ta’addanci ba sai Disamban 2020. A tsawon waɗannan shekaru manhajoji da yawa ba sa buɗuwa daga Sudan, katin banki na cikin gida kuma ba ya sayen komai a kasuwannin intanet na waje. Duk wanda ke son wasa dole ya koyi amfani da VPN, ya buɗe asusu da adireshin wata ƙasa, ya nemo ɗan’uwa a Jidda ko Dubai da zai saya masa katin kuɗi ya turo lambar, ya kuma san yadda ake lallaɓa tsohuwar waya mai ƙaramin ciki ta ɗauki babban wasa. Ba wanda ya kira wannan ilimi.

An fara ganin amfaninsa lokacin da hukumomi suka riƙa toshe shafukan sada zumunta a zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Omar al-Bashir a Afrilun 2019. Amma babban gwajin ya zo ne da yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Hajj Yusuf ta faɗa hannun RSF tun farkon faɗan, ta zauna haka kusan shekara biyu. Bankuna sun rufe, takardar kuɗi ta yi ƙaranci, rayuwa ta koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartum da ake tura kuɗi da ita. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, kuma a unguwannin da RSF ke riƙe da su an daɗe ba su dawo ba. Abin da ya rage shi ne na’urorin Starlink da aka shigo da su ta bayan fage, mafi yawansu a hannun mayaƙa ko ’yan kasuwar da suka samu izininsu, ana biyan kuɗin awa ɗaya.

Awa ɗaya ba ta da yawa ga wanda bai saba ba. A cikinta za a haɗa waya da na’urar, a buɗe Bankak, a tabbatar kuɗin da aka turo daga Saudiyya ko Masar sun shigo, a aika saƙon murya ga dangin da suka gudu Kassala ko Gadarif, sannan a goge duk abin da zai iya jawo wa mutum tsiya idan an binciki wayarsa a shingen hanya. A gidaje da yawa, wanda zai iya wannan cikin sauri ba maigida ba ne. Yaron da ake yi wa gori ne. Haka kuma matasa ’yan sa-kai na Ɗakunan Agajin Gaggawa, waɗanda suka riƙe tukwanen abincin jama’a da ake kira takaya, ta wannan hanyar suke karɓar gudummawa; da layi ya ɗauke, tukwane da dama sun mutu. A 2025 an ba waɗannan ɗakuna lambar yabo ta Right Livelihood.

Kada a yi wa maganar ƙari. PUBG ba ta ciyar da kowa ba, kuma ’yan sa-kan nan da yawa ba su taɓa damuwa da wasa ba. Abin da ya faru shi ne, wayar da ake ganin ta raba yaro da gidansu ta zama igiyar da ta riƙe gidan, mai iya sarrafa ta kuma ya samu wurin zama a cikin shawara. Da wuya uwar da ɗanta ya karɓo mata kuɗin magani ta Starlink ta koma kiransa mara amfani.

Darajar da kuɗi ke sayowa

A daidai lokacin da Hajj Yusuf ke cikin duhu, a tsallaken Bahar Maliya ana wani biki. A bazarar 2024 Riyadh ta karɓi gasar cin kofin duniya ta wasannin bidiyo, da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60, a 2025 kuma suka haura miliyan 70. PUBG ta waya da Free Fire duk suna ciki. A Satumban 2025 aka sanar cewa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya da abokan hulɗarsa za su sayi kamfanin EA, mai wasan ƙwallon da kowa ya sani da FIFA, a kan dala biliyan 55. Ga Bahaushen Sudan, wanda da wuya a rasa danginsa a Makka ko Jidda, wannan ba ƙaramin saƙo ba ne. Abin da aka ce wasan banza ne, ga shi ƙasar da ake zuwa aikin hajji tana zuba masa dukiya.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan daraja ta ’yan ƙalilan ce, masu wuta ba yankewa da intanet mai gudu, kuma ta taru ne a kan wasanni iri biyu: ƙwallo da harbi. A PUBG ana sauke mutum ɗari a tsibiri, su shiga gidajen da babu kowa suna kwasar kaya, wanda ya kashe saura shi ne gwani. Ga yaron Hajj Yusuf da ya ga masu bindiga sun shiga gidan maƙwabta sun fito da firiji, wannan ya daina zama tatsuniya. A wasan yana riƙe da bindiga. A zahiri shi ne mai gidan da aka kwashe.

Wasannin da suka tsaya a gefen mai gida

Akwai wasannin da aka gina a kan wancan mutumin, kuma kusan duk an bar su a baya. A 2006 wasu ɗaliban jami’a a Kalifoniya ƙarƙashin jagorancin Susana Ruiz suka fitar da Darfur is Dying. Ɗan wasa na zaɓar mutum ɗaya daga wani iyali a sansanin gudun hijira, ya ruga neman ruwa, yana ɓuya idan motar Janjawid ta nufo shi. Ba shi da makami. An soki wasan da cewa ya sauƙaƙa rikici mai sarƙaƙiya domin ’yan kallo na Amurka, kuma sukar na da tushe. Amma daga waɗannan mayaƙan ne aka kafa RSF a 2013, bayan shekara goma kuma motocinsu suka iso titunan Khartum. An gina wasan da fasahar Flash, wadda aka daina tallafa wa a ƙarshen 2020, don haka yau sai an sha wuya kafin a buɗe shi.

This War of Mine, wanda wani kamfani a Poland ya fitar a 2014, ya fi zurfi. An ɗauko shi daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarajevo tsakanin 1992 da 1996. Fararen hula ne ’yan kaɗan a rusasshen gida: da rana a tace ruwan sama, a ƙona kujera don ɗumi, da dare mutum ɗaya ya fita neman abinci da magani. Ana iya shiga gidan wasu tsofaffi biyu a kwashe abin da suke da shi, ba za su iya hanawa ba, amma wanda ya yi hakan zai dawo cikin baƙin ciki, wani lokaci ya kasa tashi aiki. A 2020 gwamnatin Poland ta sanya wasan cikin jerin abubuwan karatu na zaɓi ga manyan ɗaliban sakandare. Yana nan a waya. Duk wanda ya zauna Hajj Yusuf a 2024 ba ya bukatar a yi masa bayanin dokokinsa, kuma wataƙila shi ya sa ba zai so buga shi ba. Waɗanda ya kamata su buga shi su ne dangin da ke Kano da Damagaram da Kumasi, masu jin labarin Sudan a rediyo kamar ƙidayar gawa.

Sai Salaam na Lual Mayen, ɗan Sudan ta Kudu da ya tashi a sansanin ’yan gudun hijira a arewacin Uganda. Mahaifiyarsa ta yi shekara uku tana tara dala 300 ta saya masa kwamfuta, ya koya wa kansa haɗa manhaja, ya yi wasan da ɗan wasa ke gudun ceton rai. An karrama shi a bikin The Game Awards na 2018. Labarinsa ya zagaya duniya fiye da wasan kansa.

Wanda aka fi mantawa da shi kuwa a Sudan aka haife shi. Fiye da shekara goma da suka wuce, ƙungiyar War Child ta Holland tare da Jami’ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman, da ma’aikatar ilimi da UNICEF, suka gwada koyar da lissafi ta hanyar wasa a kan ƙananan kwamfutocin hannu da ake caja da hasken rana, a ƙauyukan da babu makaranta, ciki har da na jihar Gadarif inda Hausawa ke da yawa. An gina duniyar wasan ne daga zane-zanen yaran da kansu. Shirin, wanda yanzu ake kira Can’t Wait to Learn, ya bazu zuwa Uganda da Chadi da Lebanon da Jordan har da Ukraine. A 2024 UNICEF ta ce yara kusan miliyan 17 a Sudan ba sa zuwa makaranta. Ba a yin gasar miliyoyin daloli a kan wannan wasan, ba kuma za a ji sunansa a majalisar samari ba.

Ina Hausa a ciki?

Ga Hausawan da ke zaune a matsayin tsiraru akwai wata damuwa ta daban. PUBG da Free Fire da FIFA suna magana da Larabci da Faransanci da Ingilishi, ba sa magana da Hausa. Yaron Hajj Yusuf, wanda dama Larabci ya fi zama a bakinsa, yana ƙara sa’o’i a cikin harshen da ba na kakarsa ba, kamar yadda na Yaounde ko Abidjan ke yi da Faransanci. Ƙofar da ta rage ita ce hirar murya: ’yan wasa huɗu a rukuni ɗaya suna magana da harshen da suka ga dama, kuma ’yan’uwan da yaƙi ya watsa tsakanin Port Sudan da Alƙahira da Riyadh na iya haɗuwa a can da daddare.

An yi ƙoƙari a yankin. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa ya fitar da Les Héros du Sahel. A Kamaru kamfanin Kiro’o Games ya fitar da Aurion a 2016. Labarin da za a gina wasa a kansa ma ba a rasa ba. Tafiyar da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi bayan yaƙin Burmi a 1903, har ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu kusa da Sennar, tana da duk abin da This War of Mine ke da shi: guzuri, rijiya, rashin lafiya, wanda za a bari a hanya.

Sojoji sun karɓe Hajj Yusuf da sauran Khartum a Maris na 2025, kuma mutane na komawa a hankali. Sun tarar an kwashe wayoyin lantarki da na’urorin rarraba wuta saboda jan ƙarfen da ke ciki, makarantu da yawa kuma ba su da ko kujera. Inda aka samu farantin sola da intanet, nan yara ke taruwa cajin waya. Abin da za a saka a cikin wayoyin yana hannun samarin da suka iya saka shi, kuma a wannan karon iyaye na tambayar su.