Ciwon Da Magani Ke Haddasawa, Mu Kuma Mu Ce Sammu Ne

Akwai wani ciwo da yake saɓule wa mutum fata kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa, alhali ko kusa da wuta bai je ba. Likitoci suna kiransa Stevens-Johnson, da sunan wasu likitocin yara biyu 'yan Amurka da suka yi bayaninsa a 1922. Idan ya tsananta har fatar da ta saɓule ta haura kashi 30 cikin ɗari na jiki, wato nau'in da likita Alan Lyell ya bayyana a 1956, kimanin mutum uku cikin goma ba sa tashi. Galibi kuma magani ne ke jawo shi, maganin da aka sha don neman lafiya. A 2016 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya fito ya gargaɗi 'yan Nijeriya a kansa. Da Turanci aka yi gargaɗin, ina kuwa shakkar ko ya isa kunnen mai tallar magani a kasuwar Mai'adua.

Ni ba likita ba ne, harshe na karanta, kuma ta wannan ƙofa zan shiga maganar. A ganina babban abin da ke cutar da mu game da wannan ciwo shi ne ba mu da sunan da za mu kira shi, sai mu ara masa na wani. Yakan fara ne tsakanin kwana 4 zuwa 28 da soma shan maganin, da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido. A nan sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a ƙara wa mutum ƙwaya, wataƙila ma irin wadda ta kunna wutar. Da ƙuraje sun feso sai a ce ƙyanda ce ko borin jini, har a yi murna wai ciwo ya fito, tunda mun taso da jin cewa abin da ya fito ya fi wanda ya kwanta a ciki sauƙi. Ranar da leɓe ya dare, baki ya kasa haɗiyar ruwa, fata ta fara tashi da bororo, sunan da ya rage shi ne sammu ko jifa. Kowane suna da maganinsa, daga hayaƙi zuwa jiƙo da shafe-shafe, babu kuma ko ɗaya cikinsu da ke cewa a daina shan ƙwayar, wanda shi ne mataki na farko na ceton rai.

Magungunan da aka fi kamawa da laifi ba baƙi ba ne a gidajenmu. Akwai Septrin da Fansidar, waɗanda duk dangin salfa ne. Akwai na farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, da allopurinol na ciwon gaɓɓai, da piroxicam da manoma da 'yan dako ke sha don ciwon jiki, da nevirapine na masu ɗauke da ƙanjamau, waɗanda haɗarin ya fi yawa a kansu. A nan ma harshe na da hannu. Mutumin ƙauye ba ya riƙe sunan magani, launinsa yake riƙewa: "farar nan", "ja da baƙin kafso", "mai ƙwaya uku". To yaya wanda Septrin ya taɓa yi wa illa zai san cewa Fansidar ɗan'uwansa ne? Balle wanda aka haɗa wa ƙwayoyi biyar a ƙullin leda, babu kwali babu takarda.

Maganar ta shafi ƙasar Daura kai tsaye. Shirin bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi duk damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yi a 2012, a Jihar Katsina aka fara gwada shi a Nijeriya daga 2013, kuma Baure da Mai'adua suna cikin ƙananan hukumomin farko. Ɗaya daga cikin magungunan biyu na dangin salfa ne. Kada mai karatu ya yi mini mummunar fahimta: shirin ya ceci yara masu ɗimbin yawa, illa mai tsanani kuwa da ƙyar ake samunta. Amma ƙa'idarsa ta hana a bai wa yaron da salfa ta taɓa yi wa illa, ko wanda ke kan shan Septrin. Wannan ƙa'ida ta dogara ne kacokan kan tambaya ɗaya da mai rabon magani zai yi wa uwa a zaure. Idan ya ce "ba shi da wata matsala ko?", amsar da kunya da ladabi za su bayar ita ce "lafiya lau". Tambayar da za ta yi aiki ita ce: "Ya taɓa shan magani bakinsa ya yi gyambo, ko idonsa ya yi ja, ko fatarsa ta tashi?" Mu da muka ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 mun san abin da yaro ɗaya da ba a yi wa iyayensa bayani ba zai iya jawowa.

Wanda abin ya kama, asibiti ne wurinsa a ranar, kuma a tafi da duk kwalayen magungunan da ya sha cikin wata biyu. Jinyarsa irin ta wanda ya ƙone ce: ƙarin ruwa, wanke ciwo da tsafta, rage zafi, ciyarwa ko da ta hanci ne, domin abin da ke kisa shi ne ƙwayoyin cuta da ke shiga jini ta inda fata ta buɗe, da bushewar jiki da ke taɓa ƙoda. Dole likitan ido ya duba shi tun da wuri, don wasu sukan warke amma tabo ya cinye musu gani. Ciwon ba ya yaɗuwa, saboda haka babu dalilin gudun majinyaci. Idan ƙaramin asibiti ya ce a wuce Daura ko Katsina, a wuce.

Hukumar NAFDAC tana da cibiyar karɓar rahoton illar magunguna tun 2004, zamanin Farfesa Dora Akunyili, har da takarda ruwan ɗorawa da ma'aikacin lafiya zai cike. Sai dai ba a kai rahoton abin da aka riga aka yanke wa hukuncin sammu. Don haka nake kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da ta zauna da malaman Hausa na jami'o'inmu a tsayar da suna guda, ni dai "ƙunar magani" nake ba da shawara, tunda ya faɗi kamannin ciwon ya kuma nuna mai laifin. Daga nan masarauta ta sauke shi ta hannun hakimai da dagatai da limamai a Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, a kuma wajabta wa masu kemis su san shi. Duk wanda ya tashi daga wannan ciwo kuwa, kada a sallame shi sai an ba shi kati mai ɗauke da sunan maganin da danginsa, da boko da ajami, domin idan ya sake shan sa ciwon na iya dawowa cikin gaggawa fiye da na farko.