Zoben lu'ulu'u marar takarda: a saya ko a bari?

 

Tambayar wannan wata ta zo mini daga ƙungiyoyi fiye da ɗaya, kuma kusan magana guda ce. Yaro zai yi aure, yarinya ta ce tana son zoben alkawari mai ƙwayar lu'ulu'u, irin wanda take gani cikin waya. An samu ƙarami a wani kanti a Yamai, ko a hannun masu zuwa Dubai, kuɗɗinsa da dama-dama, amma ba shi da takarda. A saya ko a bari? Har da masu tambaya ko uwar ango za ta iya cin bashin asusu saboda shi.

Mu fara da sanin mi ce ce takardar da ake magana. Ba rasit ɗin mai kanti ba ce. Akwai manyan gidajen gwaji waɗanda aikinsu ke nan, duba duwatsu masu daraja, ba su saye ba su sayarwa. Wanda ya fi suna shi ne GIA na Amurka, da aka kafa a 1931, sai IGI da HRD da suka fito daga birnin Anbers na ƙasar Beljiyam. Ana kai musu ƙwayar, yawanci tun ba a ɗora ta bisa zobe ba, su duba abu huɗu: nauyinta, launinta, tsabtar cikinta, da kyan yankanta. Launi suna ba shi harafi daga D, wadda take garau kamar ruwan sama, har zuwa Z mai ɗan rawaya. Tsabta kuma da madubi mai ƙara girma sau 10 suke duba ta. Sau da yawa sukan zana lambar takardar a gefen ƙwayar, rubutun da ido ba ya gani, kuma ana iya buga lambar a shafin gidan gwajin a ga ko ta dace. Takardar ba ta faɗin farashi. Abin da take faɗi shi ne: ga abin da wannan dutse yake.

To don mi ƙananan suke zuwa babu takarda? Galibi ba don ha'inci ba ne, lissafi ne. Ana auna lu'ulu'u da karat, karat ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Ƙwaya mai karat 0,10 faɗinta wajen milimita 3 ne, ba ta fi ƙwayar gero da yawa ba. Mai karat 0,25 wajen milimita 4, kamar ƙwayar dawa. Idan za a ɗauki irin wannan a aika ta wata ƙasa, a biya kuɗɗin gwaji, a biya na tafiya da dawowa, sai wahalar ta cinye ribar, wani lokaci ma ta kusa kuɗɗin ƙwayar kanta. Shi ya sa ko a manyan kantunan Faransa da Amurka ake sayar da ƙananan zobba babu wannan takarda, kuma ba wanda ke ganin abin kunya ne. Saboda haka rashin takarda kaɗai bai isa a ce ma mai kaya maƙaryaci ba. Inda zan ɗaga gira shi ne idan ƙwayar ta kai rabin karat ko ta wuce, ana neman kuɗɗi masu yawa, sannan a ce babu takarda. Nan kam sai a yi sallama.

Amma akwai bambanci tsakaninmu da matar da ke Faransa. Ita in ta saya a kanti, akwai doka a bayanta, akwai wani mai gwaji a unguwa ta gaba. Mu kuwa zinariya muka sani. Tun kakanninmu ake ajiyar dukiya a kunne da wuya, kuma ƙasarmu tana fitar da ita: Samira da Komabangu a jihar Tillaberi, Jado da aka yi ta tururuwa a 2014, har Ɗan Isa ta jihar Maraɗi. Duk babbar kasuwa akwai maƙeri da zai goga ta bisa dutsen gwaji, ya ɗiga ruwansa, ya ɗora a sikeli, ya faɗa miki gaskiyarta kina tsaye. Lu'ulu'u ba haka yake ba. Ba a san Nijar da haƙarsa ba. Rasha da Botswana su ne manyan masu fitar da shi, mafi yawansa kuma a birnin Surat na Indiya ake yanke shi a goge. Kafin ya iso hannunki ya bi hannu da yawa, kuma idon maƙerinmu, duk ƙwarewarsa a zinariya da azurfa, ba a kan wannan dutse ya girma ba.

Ga wani ruɗani da nake so ku riƙe da kyau, don nan ake kayar da mutane. Kalmar karat biyu ce. Ta zinariya tana nufin tsabta: 24 ita ce zalla, 22 da 21 da 18 an gauraya su da wani ƙarfe. Ta lu'ulu'u kuwa nauyi take nufi. Idan mai kaya ya ce miki "zoben nan karat 18 ne", zinariyar yake nufi, bai faɗa miki kome ba game da ƙwayar. Sai ki sake tambaya: ita ƙwayar fa, nawa ne nauyinta? Ki kuma leƙa cikin zoben, akwai ɗan hatimi. In kin ga 750, karat 18 ke nan. 585 shi ne 14. 875 shi ne 21. 916 shi ne 22. In kuwa 925 kika gani, wannan azurfa ce, komin walƙiyarta. Zobban lu'ulu'u yawanci 18 ne ko 14, saboda zinariya mai 22 tana da taushi, ƴan faratan da ke riƙe da ƙwayar suna saurin buɗewa. Hatimi ma ana iya buga na ƙarya, shi ya sa gwajin maƙeri ya fi shi.

Sai batun abin da ke kama da lu'ulu'u. Akwai zirkoniya, wadda ake yi a masana'anta, ita ce ke cikin yawancin ƴan kunnen da muke saye a faranti. Sabuwa tana ƙyalli sosai, da ta sha wanki da wanke-wanke sai ta dushe. Akwai muwasanit, wadda ta fi ta ƙarfi, ƙyallinta har ya fi na lu'ulu'u launuka. Su biyun duk suna karce gilashi, don haka gwajin nan da ake yi a gabanki, a ja ƙwaya bisa kwalba a ce "kin gani ko?", wasan yara ne. Hura mata numfashi a ga ko tururi zai kwanta, shi ma ba abin dogaro ba ne a ƙwaya ƙarama haka. Kada kuma wani ya ce a buga da guduma, lu'ulu'u na gaskiya ma yana tsagewa. Akwai ɗan abin gwaji mai kama da alƙalami da wasu ƴan kanti ke da shi, yana kama zirkoniya, amma tsohon samfurinsa muwasanit tana wuce shi lafiya lau.

Na ukun shi ne ya fi rikitarwa: lu'ulu'un da ake ƙerawa cikin injin. Wannan ba jabu ba ne, jikinsa ɗaya da na ƙasa, alƙalamin gwaji ba ya raba su, ido ma ba ya rabawa. Sin da Indiya suna fitar da shi da yawa, kuma farashinsa ya yi ta faɗuwa cikin shekarun nan. A 2018 kamfanin De Beers da kansa, wanda ya daɗe yana riƙe da kasuwar lu'ulu'u ta duniya, ya fara sayar da irinsa a kan dalar Amurka 800 kowane karat, nesa ƙwarai da kuɗɗin na ƙasa. Ni ban ga laifin sayensa ba, in an faɗa miki shi ne, aka kuma sayar miki a kuɗɗinsa. Laifin shi ne a ba ki na injin a karɓi kuɗɗin na ƙasa, kuma ƙwaya marar takarda ita ce ƙofar da wannan ke shigowa.

Af, tunda na ambaci De Beers: al'adar nan ta zoben lu'ulu'u da ɗiyanmu ke ɗauka tamkar farilla, tallan wannan kamfani ne ya yaɗa ta a Amurka daga wajen 1938 zuwa gaba. Kafin nan su kansu ba kowace amarya ke samu ba. Ba don in hana yarinya abin da ranta ke so na faɗa ba, mu ma a zamaninmu mun dage a kan kwalla da samira, sai dai ta san inda abin ya fito.

Yanzu ga lissafin da ya shafe mu ƴan asusu, ranar sayarwa. Mu ɗauki misali kawai. Zobe ne aka saya jikka 300. Aka ɗora a sikeli, giram 2 ne, zinariya mai 18. Wata rana ciwo ya taso, ko hatsi ya ƙare a rumbu, aka kai ma maƙeri. Shi zinariya zai saya. A ce ranar yana sayen giram ɗin 18 a jikka 50, to jikka 100 ke nan, wataƙila ma ya rage nauyin ƙwayar. Ita ƙwayar fa? Ko ya miƙo miki abarki, ko ya sa mata ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don shi ma ba ya da wanda zai sayar ma wa. Jikka 200 sun tafi a ƙwaya da kuɗɗin ƙira da ribar kanti. Da jikka 300 ɗin nan ƴan kunne ko warwaro na zinariya zalla aka saya, babu dutse, da mafi yawan kuɗɗin sun dawo. Wannan ba a Nijar kaɗai ba ne. Ko a ƙasashen da ke da kasuwarsa, ƙaramin lu'ulu'u na hannu ba ya maido kuɗɗin da aka saye shi, da takarda ko babu.

Don haka ra'ayina a fili yake. In yaro yana da halinsa, daga aljihunsa, yana so ya faranta ma amaryarsa, ya saya, ƙarami marar takarda ba haram ba ne. Sai dai ya ɗauka ado ya saya, kamar leshi ko turare, kada ya sa shi cikin lissafin ajiya. Kuma ya je da wanda ya san zinariya. A auna zoben a gabansa, a tambayi kuɗɗin giram na ranar, a cire. Abin da ya rage shi ne ake biya don ƙwaya da ƙira, a nan ne ciniki yake. Mai kanti ya rubuta a rasit, da sunan kanti da hatiminsa da kwanan wata: nauyin zobe, karat ɗin zinariya, nauyin ƙwaya, da kalma guda wadda ta fi sauran muhimmanci, na ƙasa ne ko na injin. Ya kuma rubuta ko zai karɓi kayansa in an gwada wani wuri aka ga ba haka ba, da kwana nawa. Mai gaskiya ba ya jin nauyin rubuta wannan. Wanda ya fara "haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?", to ki ce kin yarda, amma alƙalami ba ya mantuwa. Wani ɗan kati mai ado da kantin ya buga da kansa, shi ma maganar mai kanti ce aka sa a takarda, ba shaidar gidan gwaji ba. Sayen hoto ta WhatsApp kuwa, a tura kuɗɗi kafin a ga kaya, ban ma tsaya a kansa ba.

Wani abu da iyaye ke mantawa: tun ranar da za a kai zoben, a faɗa gaban shaidu ko kyauta ne, ko cikin lefe yake, ko cikin sadaki. In Allah bai nufa aka yi auren ba, wannan ƴar magana ita ke hana gida biyu zuwa gaban mai gari.

Game da bashin asusu, kowace ƙungiya da dokarta, amma ni in ana shawara hannuna ba zai tashi ba. In ƙungiyarku tana karɓar 10 bisa 100 a wata, jikka 200 na wata uku zai hau da jikka 60, kuma zobe ba ya haihuwa kamar akuya, ba ya juyawa kamar jarin ƙuli-ƙuli. Uwar ango ce za ta yi ta neman na biya alhali gara da kayan buki suna jiranta. Ku ma'aji da shugabanni kuma, in wata ta kawo irin wannan zobe jingina, kada ku rubuta kuɗɗin da ta ce an saye shi. Mutum biyu daga cikinku su raka ta wurin maƙeri, a auna zinariyar, abin da ya ce zai biya ranar shi za a sa a littafi, ƙwayar kuwa a rubuta ta babu kuɗɗi a gabanta.

Ku ci gaba da aiko tambayoyinku ta hannun magatakardan ƙungiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.