Gida Bai Ƙoshi Ba, Ba A Kai Wa Dawa

A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun harhaɗa motoci guda shida, ciki har da Peugeot ta Kaduna, da Steyr ta Bauchi, da ta manyan motocin Fiat a nan Kano. Yawancinsu sun durƙushe. A 2013 aka fito da sabuwar manufa, aka lafta wa motocin waje haraji har kashi 70 cikin ɗari domin kare na gida. Amma a 2023 sai ga 'yan majalisar tarayya sun rungumo jibga-jibgan motoci ƙirar ƙetare. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi!

Har ana mafarkin sayar wa maƙwabta motoci, alhali tumatirin da ruwan Tiga ya shayar yana ruɓewa a Kwanar Gafan, iyayen ɗalibanmu na Kura da Bunkure kuwa suna bin layin hayar tarakta.

Ba ma adawa da tallafi. Sharaɗi muke nema. Duk kamfanin da ya ci kuɗin talaka, ya ƙera tarakta da a-kori-kura, ya wadata makarantun koyon sana'a da kayan aiki, ya ɗauki yaran da muka koyar. In ba haka ba, a mayar da kuɗin azuzuwa.