Layin Waya Ma Guzuri Ne

A 'yan shekarun nan aikin Hajji yana faɗowa ne a farkon damina, lokacin da manomin Funtua, Malumfashi, Bakori ko Ƙafur yake tsakanin shuka da zuba taki. Mutum ya sayar da masara ko waken suya a kasuwar Dandume ya biya kujera, zai bar gona a hannun 'ya'ya da 'yan ƙwadago wata guda ko fiye. Saboda haka yadda wayarsa za ta samu data a Saudiyya magana ce da ta cancanci gurbi a bitar maniyyata, kusa da bayanin guzuri da kayan da aka hana shiga da su.

Layin MTN ko Airtel yana iya kama sabis a can, ta hanyar yarjejeniya da kamfanonin ƙasar, amma kuɗinsa ya fi na gida nesa ba kusa ba. Waya kuwa ba ta neman izini: bidiyon da aka turo a guruf ɗin dangi da manhajojin da ke sabunta kansu sun isa su cinye katin da aka loda tun kafin a kai masauki. Mafita ita ce a sayi layin can, na STC, Mobily ko Zain, a filin jirgin Jidda ko Madina ko a shagunansu na cikin gari. Za a nemi fasfo, a ɗauki zanen yatsa, mutum ya biya riyal ɗinsa tun farko, ya san iya abin da ya kashe. Layin da wani ya miƙo a bakin titi, da sunan wanda ba a sani ba, a bar masa abinsa. Na gida kuma kada a jefa shi ƙasan jaka. A bar shi a waya, a kashe masa data, domin ta nan saƙon banki ke shigowa. WhatsApp zai ci gaba da aiki da tsohuwar lamba muddin ba a canza ta ba.

Wani zai ce ibada aka je yi, waya shagala ce. Da gaskiyarsa, ganin masu ɗaukar hoto a tsakiyar ɗawafi. Sai dai Saudiyya da kanta ta mayar da wasu al'amura cikin waya: izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nemansa. Wani kuma zai ce ai akwai intanet kyauta a otal. To, ba a otal ake ɓata ba. A Mina ake ɓata, inda tantuna duk kama ɗaya ne, ko a hanyar dawowa daga jifa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin ƙasar suka ce mutum fiye da 1,300 sun rasu, akasarinsu marasa izinin Hajji da suka yi doguwar tafiya a rana. Alhajin da zai iya tura wa jami'i taswirar inda yake tsaye ya rage wa kansa irin wannan yawo.

Saura dattawa masu ƙaramar waya. Su layin kira ya ishe su, a rubuta musu lambar jagora a takarda, sannan jami'an alhazai na ƙaramar hukuma su tabbatar tun daga gida cewa kowane rukuni yana da mai babbar waya da data.