Abin da Ke Cin Ƙafar Gada

A daren 26 ga Maris, 2024, wani jirgin dakon kaya mai suna Dali ya rasa wutar lantarki yana fita daga tashar Baltimore ta Amurka, ya ƙwace wa matuƙansa, ya daki ɗaya daga ginshiƙan gadar Francis Scott Key. Cikin 'yan daƙiƙu gadar ta rufta, ma'aikata shida da ke cike ramukan titi a kanta suka rasu. Da yawanmu mun kalli bidiyon a waya, muka yi salati, muka wuce abinmu. A ganinmu bala'in masu teku ne. Ina jirgin da zai daki gada a Kunchi ko Makoɗa?

Babu shi kam. Abin da ke yawo a ruwanmu bai wuce kwalekwalen fito ba, irin na madatsar Watari a Bagwai. Sai dai abin da ya kayar da waccan gada ginshiƙi ne da aka bari tsirara a gaban abin da ruwa ke kawowa, kuma a wannan ba mu da bakin yi wa kowa dariya.

Rafukan arewacin Kano na yashi ne. Da rani yara na ƙwallo a cikinsu, masu shanu na tona rijiya a tsakiyarsu. Ƙasar kuwa a cike take da mutane, an nome ta har gaɓar rafi, an sare itatuwan da saiwarsu ke riƙe gaɓar. Manomin nan ba ya barin kara a gona, ya san darajarsa. Amma tsohuwar danga, da rassan darbejiya da guguwar farkon damina ta kakkarya, da leda da robar ruwa da juji ya tara wata takwas, duk suna jiran ruwan farko. Idan ya sauko sai ya kwaso su gaba ɗaya, wani lokaci har da kututturen ɗorawa sukutum, ya jibge a ƙafar gada.

Dukan kututturen kan fasa kankare, ya tone rodi, tsatsa ta samu ƙofa. Amma ɓarnar da ta fi ita ce wadda ba a gani. Reshe ɗaya ya maƙale a ginshiƙi, kara ya taru a kansa, leda ta liƙe ramukan, sai ginshiƙin ya zama kamar an ninka faɗinsa. Ruwan da aka matse wa hanya yakan ƙara gudu, ya nutsa ƙasa yana juyawa kamar muciya a tukunya, yana haƙe yashin da harsashin ginin ke zaune a kai. Wanda bai samu hanya ba ya taru a baya, ya ci cikon ƙasar da ke haɗa titi da gada. Da ambaliya ta janye, sabon yashi ya rufe ramin, ka zo ka duba ka ga lafiya lau. Yashin nan kuwa sako-sako ne, ba ya ɗaukar nauyi.

Haka gadar Schoharie ta jihar New York ta faɗi a watan Afrilun 1987, mutum goma suka mutu. Babu jirgin da ya taɓa ta. Bincike ya nuna duwatsun da aka jibge don kare ƙafafunta sun zaizaye cikin shekaru, ba a mayar da su ba.

Mu kuma mun ƙara da namu: tifar yashi. Kano na gini ba dare ba rana, yashin daga rafukan nan yake fitowa, kuma mai lodi ya fi son gindin gada domin nan ne mota ke iya sauka daga kwalta. Duk shebur ɗin da aka ɗiba a nan, an rage wa ruwa aiki ne. Na taɓa sauka ƙarƙashin wata gada a hanyar garinmu cikin watan Maris, na tarar harsashinta a waje, har na zura hannu a ƙarƙashinsa. A sama motocin kasuwa na ta wucewa da buhunan gero da mutane a kan buhunan.

Maganin ba sabon ilimi ba ne. Bayan da wani jirgi ya kayar da gadar Sunshine Skyway a Florida a 1980, mutum 35 suka hallaka, sabuwar gadar da aka gina an kewaye ginshiƙanta da manyan turakun kankare don jirgi ya dake su kafin ya kai gare ta. Ƙaramin wannan shi muke buƙata: 'yan turakun ƙarfe ko na kankare a gaban gada ta wajen da ruwa ke fitowa, su tare kututture ko su juya shi ya wuce a miƙe. A yi wa ginshiƙi hanci mai tsini, kada a bar shi da faffaɗan goshi. A jibge manyan duwatsu a ƙafarsa, ko a ɗaure su cikin ragar waya. Dutse dai bai yi mana nisa ba, ga tsaunukan Kazaure. Inda aka jera ƙananan bututun kwalbati da buhu guda ke toshewa, a sa mai faɗin baki.

Za a ce babu kuɗi. Ni ina ganin kuɗin bai kai rashin mai abin ba. Manyan hanyoyi irin ta Kano zuwa Katsina da ta Ɗambatta zuwa Daura suna da hukumomin da aka ɗora wa kula da su. Amma ƙananan gadojin da ke kai tumatir da albasa daga fadama zuwa kasuwa, daga ranar da aka ƙaddamar da su sun zama marayu, domin ba a kiran 'yan jarida don an yashe ƙarƙashin gada.

Abin da zan so in gani shi ne kowace ƙaramar hukuma ta rubuta gadojinta da kwalbatocinta a littafi, ta aika ma'aikacin sashen ayyuka ya sauka ƙarƙashin kowacce sau biyu a shekara, a Mayu kafin ruwa da Oktoba bayansa, da sandar awo da wayar ɗaukar hoto. Dagaci da masu unguwanni su kira gayya a kwashe tarkace bayan kowane babban ruwa, musamman a Agusta. A kafa alama a nesa da gada, gaba da baya, a ce daga nan ba a ɗibar yashi, a kuma share wa masu tifa wata hanyar sauka, don hani kaɗai ba zai hana mai neman abinci komawa gindin gadar da daddare ba.